Mabuɗi Ɗaya, Ƙofa Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina hawa benen nan
a Montevideo, fulas a hammata,
ganyen mate a jaka, sanyin Yuli a gwiwa.
Can ƙasa, inda ban taɓa sauka ba,
uwar kwamfutoci tana numfashi a ɗakinta.
Ta girmi rabin ma'aikatan ofishin fansho,
ita kaɗai ce ba ta ƙirga ranar ritaya.

Ƙofa bakwai gare ta, kowace da kalmar sirrinta.
An ce kar a rubuta. Ban rubuta ba.
Na tsayar da nawa a bakin ƙofofin:
Eulogio, babana, a ta rajista,
Zulma a bayansa, yadda take binsa coci,
Wilmar kuwa na ba shi ta biyan wata,
shi da albashi bai taɓa kai masa ashirin ba.
Sai Irma, sai Ramiro da ya tafi Galisiya bai waiwayo ba,
sai wata karya mai ɗingishi,
sai jaririyar da ba ta kwana biyu ba.

Kullum safe ina kiran su da yatsu,
allon bai nuna ko harafi, sirri ya tsaya sirri.
Duk kwana sittin na'ura ta ce a sauya,
in ƙara musu lamba a wutsiya,
su ma su tsufa kaɗan.

Ran Litinin Lisandro ya zo daga sashen fasaha,
katin aiki na lilo a wuyansa.
Ya ce, Doña Nélida, kin huta.
Shiga ɗaya ce. Jeri zai fito, ki danna lamba.
Sauran kalmomin mai kula da zama ya riƙe,
shi ke sauya su, ko ni ban san su ba.
Na ce na gode. To me zan ce?
Wanda ya sauke maka kaya
ba ka tambayarsa ina ya ajiye.

Kuma gaskiya, abin yana aiki.
Ran Laraba Don Atilio ya tsaya a tagata,
tsohon ɗan dakon tashar jirgin ruwa,
yatsunsa sun ƙi miƙewa tun tuni,
an ce wata goma sha ɗaya sun ɓace daga aikinsa.
Da can sai in fita nan, in shiga can, in manta lambar,
in ce masa ya dawo jibi.
Yanzu maɓalli ɗaya: ƙofa ta biyu, ta biyar, ta biyu,
koren rubutu na tsalle a baƙin allo,
ga watanninsa kwance ƙarƙashin suna mai kuskuren harafi.
Kafin ruwan fulas ya huce na miƙa masa.
Ya cire hula. Ga allon ya cire, ba ni ba.

In na yi minti goma sha biyar ban taɓa komai ba
sai ya rufe duka bakwai ɗin lokaci guda,
ya tsaya yana jira in faɗi ko ni wace ce.
Wilmar ma bai damu da shiruna haka ba.

Ranar farko dai na daɗe a gaban gurbin.
Kalma ɗaya. Wa zan ɗauka, wa zan sallama?
Bas uku sun wuce ƙarƙashin taga.
Sai na ƙirga: gurbi takwas ne.
Na ɗebo harafin farko daga kowa,
na jera su kafaɗa da kafaɗa
kamar a benci guda ranar biki,
karyar ma da nata wurin.

Na takwas lamba ake so.
Na sa ɗaya,
ni da na rage ina buɗewa.